Hoton Kifin Alhaji Gide

Shekarar Udoji ce, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Alhaji Gide na Mairuwa ya dawo daga Kaduna da akwatin gilashi cike da jajayen kifaye, ba na miya ba, na kallo. Ya aika Faskari aka kira Harisu mai hoto ya ɗauke su.

Lauratu, 'yar Alhajin, ita ke ba kifayen abinci. Kallo ɗaya Harisu ya yi mata ya manta abin da ya kawo shi.

Hotunan kuwa suka ƙi. Hasken filasha ya daki gilashin ya dawo, ko wutsiyar kifi ba ta fito ba. Sau huɗu yana sake zuwa, ni dai ban ga alamar hakan ya dame shi ba. Yana ce mata Tauraruwa, tana ce masa Mai Walƙiya.

Da manyansa suka je neman aure, Alhaji ya ce, "Wanda ya kasa kifi cikin gilashi, shi za ya riƙe mani ɗiya?"

Wasiƙarta ta iske shi a kasuwar Yankara: "Harisu, ban taɓa ƙetare maganar Baba ba. Ka manta da ni. Ni har na manta."

Ya yi kuka, ba ɓoye-ɓoye. Bayan mako guda ya hau motar Kaduna, don ko ba aure, ba zai bar aikin a kwance ba. A wani shagon kayan hoto, idon kyamara mai zuƙo abu daga nesa ya fi ƙarfin aljihunsa. Mai shagon ya miƙo masa wani ƙarami, na hannu.

"Wannan ba ya zuƙowa, da ƙafarka za ka matsa. Amma yana shan haske, ba ruwanka da filasha. Manna shi jikin gilashin."

Da ya koma gidan Alhaji, haka ya yi da hantsi, kansa a sunkuye, bai nemi ganin kowa ba. Da ya wanke hoton sai ga kifi tar, har ƙwayar idonsa. Can bayan ruwan kuma, dishi-dishi, ga Lauratu a bakin labule, hannu a baki, tana kuka.

Alhaji ya daɗe riƙe da hoton.

"Ce mani ta yi ba ta damu ba," ya faɗa. "Yaro, turo mani manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya. Kifayen ba su kai baɗi ba, amma hoton na nan a zauren Alhaji. Baƙi suna yabon kifin. Shi kam bai taɓa ganin kifi a ciki ba.