Kibiyoyin da na goge

Ranar da ƙafar Inna ta kumbura, ni ta tura in yi mata shara a jami'ar da take aiki, ɗakin Farfesa mai binciken duwatsu. Gab da magariba na isa, yana shirin fita.

Ya nuna min wasu ƙananan duwatsu jere kan tebur, kowanne da kibiya da aka zana da jan alƙalami. Ya ce wai dutse na riƙe da inda arewa take tun ranar da ya huce bayan ya fito a narke daga cikin ƙasa. Ya ƙara wasu maganganu, ni kuwa hankalina na kan ɓoye tsinkakken silifas ɗina.

"'Yar Inna, kin gane ko?"

Na ce eh. Aji uku na tsaya, amma wa zai ce wa Farfesa bai gane ba?

Da ya tafi na share ƙasa. Sai na ga jajayen kibiyoyin nan kamar datti. Na sa tsumma da sabulu, na goge su tas, don a yabi Inna.

Fanka ta tsaya.

Ɗakin ya ɗau wari kamar an ƙona ƙarfe. Wani babban dutse mai lanƙwasa da ke kan wata kanta ya yi miƙa, ƙas, ƙas, kamar bayan tsoho.

Sai raɗa, daga tebur.

"Ina arewa?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

"Kin ce kin gane."

Duwatsun suka fara juyawa. Ƙiii. Na matsa hagu, suka biyo ni. Makullin ɗakin da ke hannuna ya manne a tafina.

Na fita a guje, silifas ɗaya a can na bar shi.

Washegari Farfesa ya zo gidanmu da silifas ɗin a leda. Bai yi faɗa ba. Ya ce in babu kibiya ba a san yadda dutse ya kwanta a ƙasa ba, aikinsa da na ɗalibansa ya lalace. Ina bayan labule ina ji.

Inna ta kalli silifas ɗin ta ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na goge."

Aka sallame ta daga aiki.

Yanzu ɗinki take yi a gida. Duk sanda na wuce, allurorin cikin gwangwaninta sai su juyo su nuna ni. Ta gani. Rufe gwangwanin kawai take yi, ta ce in je in ci abinci.