Komin Akuyoyin Hajja

"Wannan kuma mene ne, Uchenna?!"

Na tsaya a ƙofar shagonsa na kafinta da ke Sabon Gari, hannu biyu a ka. Gadon jariri ne a gabana, na maɗaci, ya sha guga sai sheƙi yake, har da furanni a jikinsa.

"Makwancin jaririn wasanku mana, Salomina."

"Komi na ce maka! Komin dabbobi! A ina ka ji an haifi Almasihu a gadon ɗan Razdan?"

Sai hawaye suka zubo mini...

Kwana biyu ya rage a yi wasan Kirsimeti na makarantar mishan da nake koyarwa, a shekarar 1954, kuma ni aka ɗora wa haɗa kayan wasa. Fukafukan mala'iku da kwalin sabulu da gashin zabi na yi su. Tauraro daga garwar kananzir aka yanko. Tsofaffin zannuwan Innata kuwa duk sun koma rawunan masu hikima, ba da saninta ba. Komi kaɗai na bar wa Uchenna, don Baba ya ga aikin hannunsa.

Babana, Malam Edward, shi ne babban baƙo. Tun rikicin bara tsakanin Fagge da Sabon Gari ya rufe zancen aurenmu.

"Ba na ba Ibo 'yata," in ji shi. "Kullum akwatinsa a ɗaure, jirgin ƙasa kawai yake jira."

Can a shagon, Uchenna ya sunkuyar da kai.

"Biriskila ce ta zo, ta ce kin sake shawara. Wai Baba mai son abin ƙawa ne."

Biriskila! Abokiyar aikina, wadda kujerar ajinta ke karyewa duk mako don dai ta leƙa wannan shago. Ranar na so in shaƙe ta. Yanzu kam, in na tuna, albarka nake sa mata.

"To, ka ƙera wani," na ce.

"Sabon katako ba zai yi ba, masoyiyata. Komi sai wanda dabba ta ci a ciki. Na san inda yake... Fagge."

Na dube shi.

"Ai ba ka taka Fagge ba tun..."

"Yau zan taka."

Da la'asar muka tsallaka. Muka shiga wani lungu a Kwaciri, gidan Hajja, wata tsohuwar Babarbariya mai sayar da kanwa.

Tana ganinsa ta ajiye mudu.

"La ilaha illallahu! Ɗan Nkechi?"

Ya durƙusa har ƙasa. "Ina wuni, Inna."

"Kar ka ce mini Inna! Shekara ɗaya da rabi! Ni ma dodo na zama? Ja'iri, tashi in gan ka!"

Ta riƙe fuskarsa tana kuka tana zaginsa, shi ma yana kuka. Ashe nan mahaifiyarsa take barinsa in za ta kasuwa, tun yana tsumman goyo.

Da ta ji abin da ya kawo mu, ta kori akuyoyinta, ta zazzage dusa. Ga komi nan, baƙi ƙirin, duk an gwaigwaye bakinsa. Ban taɓa ganin abu mai muni da ya yi mini kyau haka ba.

"Ku ɗauka. Amma zan zo in ga abin da za ku yi da kwanon cin akuyoyina."

Ta kuwa zo!

Ranar wasa ta ratsa taro da lafayarta, ta zauna a layin gaba, daf da Baba. Aka ja labule. Yara suka kwantar da 'yar tsana a komin, warin dusa na tashi har kujerun manya. Na ga Baba ya cire tabarau ya goge ido.

Da aka tashi ya kira ni.

"Ina kika samo wannan? Irinsa sak muka yi kiwo da shi a ƙauye."

Kafin in buɗe baki Hajja ta karɓe.

"A gidana, Malam. Wancan yaron ya zo ya ɗauka a ka. Kai ne uban yarinyar da aka ce kana jan ƙafa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Hajja, tsoro nake ji," in ji Baba a hankali. "Wata rana zai tafi da ita garinsu."

"Wane garin? Ni na yanke masa cibiya, ni na binne ta a bayan gidan uwarsa, nan Sabon Gari. A bayana ya yi barci. In dangi kake nema a Kano, ga ni!"

Baba ya daɗe yana kallon Uchenna, wanda ke can gefe yana naɗe labule, gumi ya jiƙe masa riga.

"Uchenna!"

"Na'am, Baba!"

"Ka gaya wa mahaifinka ina gida ranar Asabar. Ku zo da Hajja."

Ban san lokacin da na zube a gaban tsohuwar ba, na kama ƙafafunta.

"Na gode, Inna... na gode..."

"Tashi, 'yar nan," ta ce tana shafa kaina. "Surukata ba ta kuka a gaban mutane."