Tagwayen Mama Kerubo

Da hantsi Mama Kerubo, mai haɗa bidiyon biki, ta shigo ofishin 'yan sanda na Kisii, ta shaƙo wuyan rigar Mutiso mai gyaran kwamfuta.

"Afande, ranka ya daɗe, kulle shi! Jiya ya ƙara wa laftof ɗina RAM don ta ƙara sauri, yau tana jan ciki kamar hawainiya."

Insfekta Barasa bai san RAM ba, amma mai tambaya ba ya ɓata. Ya sa Mutiso ya kwance laftof ɗin da ta zo da ita.

Mutiso ya dafe kai. "Afande, RAM biyu na sa, takwas-takwas, iri ɗaya. Wannan guda ce, mai sha shida."

"To, takwas da takwas nawa ne, ɗan boko?" in ji Insfekta.

Mutiso ya ce, "Motar haya mai ƙofa biyu da mai ƙofa ɗaya, wacce za ta riga sauke fasinja?"

Insfekta ya gyaɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya duba notikan murfin, duk an ƙwarzane su. Ya sunsuna. Albasa.

"Da wuƙar kicin kake gyara?"

"Allah ya kiyaye, Afande!"

"Mama, wa ya kwana gida ɗaya da ita?"

"Mijina kawai."

Da suka je gidan, suka tarar da Nyachae, mijin, kishingiɗe a falo.

"Ni? Ko kunna kwamfuta ban iya ba."

Daga ƙarƙashin matashi taron 'yan kallo ya yi ihun an ci ƙwallo. Insfekta ya zaro wata laftof, wasan ƙwallo na kwamfuta na gudu sumul.

"Baban Moraa," in ji Mama Kerubo ga mijin a hankali, "ba wannan ce ka zage ta shekaranjiya don tana sarƙewa ba?"

Mutiso ya kwance ta. Ga tagwayen RAM kwance gefe da gefe, da tambarin shagonsa.

Nyachae ya zube. "Sha shida na ɗauka, sha shida na mayar! Ina satar take?"

Insfekta ya ce, "Mutiso, koma shagonka, sunanka ya wanku. Kai kuwa, ka bayyana wa alƙali lissafin."

"Bar min shi, Afande, a gida za mu sasanta," in ji Mama Kerubo, ta ɗauko muciyar tuƙa tuwon ugali.

Nyachae ya miƙa hannuwa biyu ga ankwa.

"Afande, don Allah mu yi sauri."