Motar Da Ta Karkata

Wani makanike ne, motar ya fara gani kafin mai ita. Tsohuwar mota ce mai ƙofa huɗu, ta shigo gareji a karkace, gefen mai zaman banza ya sunkuya. Da direbar ta fito, sai makaniken ya manta da sifana a hannunsa.

"Sannu da aiki, Malam. Motar Abbana ce," ta ce. "Tunda idonsa ya yi rauni ni ke tuƙa shi. In na sha kwana sai ta yi ta tangaɗi, gabana na faɗuwa."

Ya danna gefen motar, ta yi ta lilo.

"Shokabzoba masu tare girgiza sun mutu, sifirin ɗin gefen nan kuma ya gaji. In na sa sababbi, za ta kama titi gam."

Aikin kwana biyu ne, amma bawan Allah ya ja shi mako guda, wai ana neman kaya. Kayan kuwa suna kan kanta tun ranar farko! Ita ma ta gane, amma kullum sai ta biyo duba mota.

Ranar da ya gama ya tura mata saƙo: "Direbata, motarki ta miƙe. Ni ne dai na karkata."

Ta amsa: "Injiniyana, wannan gyaran sai a gaban Abba."

Ba su san Abba zai yi fushi ba. Da ta kai motar gida, ya zagaya ta yana shafawa, ya ce, "Wa ya miƙar da ita?" Ya shige ɗaki. Da makaniken ya nemi izinin zuwa gaisuwa, Abba ya ce a'a.

Tana kuka ta kira makaniken.

"Shekara ashirin da biyu Ummana tana zama a kujerar mai zaman banza. Abba yana tsokanarta wai ita ta lanƙwasa masa mota. Tunda ta rasu, kullum da safe sai ya tsaya yana kallon karkatar. Wallahi ni tsoron shan kwana ya mantar da ni."

"Me ya ce a kaina?"

"Wai wanda zai gyara abu bai tambayi tarihinsa ba, haka zai yi wa 'yarsa."

Maganar ta yi masa ciwo, don ya san da gaskiya a ciki. Ya tone tarin ƙarafan bayan gareji har ya samo tsohon sifirin ɗin. Ya wanke shi tas, ya naɗe a farin ƙyalle, ya je ya durƙusa gaban Abba.

"Abba, na yi kuskure, ban tambaya ba. Ga shi na kawo maka."

"To, mayar min da shi jikin motar."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gafarce ni, Abba, ba zan iya ba. 'Yarka ke tuƙa motar nan, kai kuma kana ciki. Ko za ka hana ni ita, gara ta dawo gida lafiya."

Abba ya daɗe yana shafa ƙarfen.

"Ita ma marigayiyar haka take," ya ce a hankali. "Ba ta taɓa ce min to don ta faranta min ba. Tashi, ka turo manyanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ranar da za ta tare, Abba ya rako su har bakin mota, ya miƙa wa angon makulli. Shi da kansa ya buɗe wa 'yarsa ƙofar gaba, ya zaunar da ita a kujerar Ummanta.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ka miƙar da motar, na yafe. Yanzu ka riƙe min 'yata da kyau, ta zauna a nan har motar ta sake karkata."