Gidan Da Aka Sa Wa Taya

Rana ta faɗa bayan duwatsun Yeongju, amma duhu bai gama sauka ba, lokacin da Pyo Deokman ya ɗaure noti na ƙarshe, ya ja da baya yana goge hannu a wando. Abin da ya fara tun narkewar ƙanƙara yau ya kammala. Ɗan ɗaki ne mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota, gabansa a kumbure, bayansa a tsuke, kamar ɗigon hawaye ya kwanta. A ciki akwai katifa da taga, a baya kuma murfi ne da ake ɗagawa a sami risho da tukwane.

Deokman mai walda ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar jiragen ruwa, da aka sallame su ya dawo garinsu da matarsa Sunrye da 'yarsu guda ɗaya, Yerim, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare.

"Baban Yerim, a cikin akwatin gawar nan za ka kwantar da ni?" in ji Sunrye, tana juya kifi a kan garwashi.

"Kin taɓa ganin akwatin gawa mai taga? Ki bari ki ga teku ta cikinta tukuna."

"Ni dai, Baba, don Allah kar ka kai ni makaranta da shi," in ji Yerim.

Suna dariya suka zauna a kan dakalin katako na tsakar gida. Sun fara cin shinkafa ke nan wani abu ya faɗo a kan rufin ɗan ɗakin, ya gangaro, ya tsaya a gaban ƙafar Yerim. Gutsuren tangaran ne baƙi, irin wanda ake rufa gidajen dā da shi, ga sanyi ga laima kamar daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi. Duk unguwar babu gida mai irin wannan rufi. Deokman ya leƙa bayan katanga, bai ga kowa ba sai gonar barkono. Kafin ya dawo, na biyu ya faɗo.

Daga nan suka ji sautin. Daga cikin ɗan ɗakin yake fitowa, a hankali, bi da bi, irin bugun da tsofaffin mata ke yi wa tufa da sanduna biyu a kan dutse. Deokman ya buɗe ƙofar. Katifa ce kawai, sai ƙamshin tsohon katako.

Katakon yana da labari, ko da yake shi bai ɗauke shi labari ba. Da ya zo yin bangon ciki, sai ya tarar da wani ƙaton gungume a wurin mai sayar da kayan rusassun gidaje, irin wanda ke ɗauke da rufin gida gaba ɗaya. A cikinsa akwai rubutun tawada na mutanen dā. Ya kankare rubutun, ya kai aka yanka masa gungumen falle-falle, ya lulluɓe cikin ɗakin da shi.

Kullum da almuru sai an yi jifan, sai an yi bugun. Sunrye ta ce a fasa tafiyar. Deokman ya ce ƙarfe ne ke saki idan ya huce, jifa kuwa aikin yaran banza ne. Ranar Asabar ya ɗaura ɗakin a mota suka kama hanyar gabas.

Tun a hawan dutse na farko ya san da magana. Ya san nauyin abin da ya ƙera, amma motar tana nishi kamar tana jan babbar mota. Bai gaya wa kowa ba. Suka isa bakin teku a Uljin da la'asar, suka tsaya a cikin itatuwa. Yerim ta ce kanta na ciwo, ta shiga ta kwanta.

Da hasken ruwan ya fara dusashewa, ƙofar ta buɗe. Yerim ta sauko a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu, tana taka ƙasa kamar mai tsoron ta zame. Ta dubi tekun, ta dubi itatuwan, ta daɗe tana dubawa. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe, da irin maganar ƙauye da ba a ƙara ji.

"Wa ya ɗauke min gida?"

"Yerim, ba na son wasa," in ji uwarta.

"Ina bishiyar ƙofar gida? Ina rijiya?" Ta juyo wajen Deokman. "Kai, ɗan nan. Ina ka kawo ni?"

Gari na wayewa suka juyo. A asibiti aka duba jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce ba a ga komai ba sai gajiyar karatu. Yerim ta daina cin abinci. Idan aka hana ta shiga ɗan ɗakin sai ta yi ta yaƙushin fuskarta, idan aka bar ta sai ta zauna a bakin ƙofarsa ta zuba wa hanya ido, tana buga gwiwoyinta da hannu biyu har suka yi baƙi. Wuyanta ya zama kamar na kaza. Deokman ya ɗauko gatari zai farfasa abin da ya gina, sara ɗaya ya yi Yerim ta ƙwala ihu ta faɗi, jini na fita ta hanci. Ya yar da gatarin ya zauna a ƙasa.

Gwaggon Sunrye ce ta kawo musu Tsohuwa Gwak, mudang ce, wato bokanya, da ake zuwa wurinta daga nesa, wadda ta iya karatun rubutun dā kuma matattu ke sauraron ta. Ta zo da yamma, 'yar ƙarama, da ƙunshi a hannu. Ba ta ko dubi yarinyar ba, ta shiga ɗakin tana shafa bango. A ƙarƙashin wata 'yar kanta da ke jikin bango ta tarar da sauran tawadar da kankara ba ta ci ba.

"Ka san abin da ka kankare?" ta tambayi Deokman. "Ranar da aka ɗora rufin gida ce, da addu'ar masu gidan. Kai ko ƙofar mutane ba ka ƙwanƙwasa ba, ka yanka su ka sa musu taya."

Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye shinkafa da ruwa da kyandir. Ta ɗauki ƙararrawarta tana kaɗawa a hankali, tana kira, har inuwar katanga ta rufe gidan. Jifa ya fara sauka ta ko'ina, amma ko ɗaya bai taɓa tabarmar ba. Can Yerim ta rarrafo ta zauna a gabanta.

"Kaka, daga wane gida?" in ji Tsohuwa Gwak.

"Gidan Ryu, na gindin dutse."

"Me ya hana ki tafiya inda ake tafiya?"

Bakin yarinyar ya yi ta motsi kafin magana ta fito. "Ɗana Sangcheol. Ina buga masa riga sojoji suka shigo. Suka ce ya ɗaukar musu kaya zuwa arewa. Ya juyo daga ƙofa ya ce, Inna, kar ki je ko'ina, ina dawowa. Ban je ko'ina ba. Ko kasuwa ban ƙara zuwa ba. Da suka fitar da gawata ma ban bi ta ba."

Sunrye ta toshe baki da hannu.

"An rushe gidan, Kaka. Kwalta ce a wurin yanzu," in ji Tsohuwa Gwak.

"Na sani. Shi ya sa na riƙe yarinyar nan. Ƙafafunta sababbi ne. Tunda an tashe ni, zan bi shi da kaina."

"Ba naki ba ne."

"Ubanta ya ci gidana."

"Ya ci, bai sani ba. Amma dubi matar can da kyau." Tsohuwa Gwak ta nuna Sunrye da ƙararrawa. "Ita ma guda ɗaya gare ta. Idan kin tafi da yarinyar, ita za ta zauna a ƙofa. Kin fi kowa sanin zaman. Shi kike so ki bar mata?"

Jifan ya tsaya. Idanun da ke fuskar Yerim suka tsaya a kan Sunrye, suka daɗe.

"To ya kai ni," in ji muryar. "Shi da ya sa tayar. Har inda aka kai ɗana."

"Hanya ba ta kaiwa can. Akwai wayar kan iyaka, akwai sojoji," in ji Tsohuwa Gwak.

"Har inda ta ƙare."

"Ki sake ta yanzu, sannan a tafi."

"In na sake ta ubanta ya ƙone ni da katakon fa?"

Deokman ya durƙusa, goshinsa a ƙasa. "Kaka, na rantse da ran 'yata. Zan kai ki."

Yerim ta yi wani dogon numfashi, ta kife a kan tabarma. A lokacin ƙofar ɗan ɗakin ta rufe da kanta, a hankali, kamar yadda mai gida ke rufe ƙofarsa.

Washegari Deokman ya tafi shi kaɗai. Ya bi hanyar arewa har gidaje suka ƙare, har ya hango shingen sojoji, sai ya ratse cikin wata gona da aka daina nomawa. Ya kwance ɗakin daga mota, ya juya ƙofarsa ta fuskanci duwatsun da ke bayan waya, ya buɗe ta, ya koma gefe ya tsaya har almuru.

A gida Yerim ta farka ta nemi abinci da muryarta. Ba ta tuna komai ba. Sai dai bayanta bai ƙara miƙewa sosai ba, kuma likitoci ba su san dalili ba.

Deokman ya dawo da motar babu komai a bayanta. Ya zauna a dakali bai cire takalmi ba. Sunrye ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da shi.

"Ta sauka?" ta tambaya a hankali.

Ya girgiza kai.

"Ba ta sauka ba, Uwar Yerim. Ina tsaye ina kallo ciyawa ta rabu daga wajen waya kamar mutum na takowa, tayoyin suka ƙara nutsewa a ƙasa. Wani ne ya shiga."