Notin Cikin Labule

"Ki janye ƙarar nan, Telata... don Allah!"

Ta wurgar da almakashi kan tebur. "In janye? Labule ɗari biyu na ɗinka wa otal ɗin nan! Mahaifinka ya karɓi kwangila, ya yanko min ɗinki, muka sa hannu. Yau ya ce aikina bai yi ba, wai ya zubar ya sayo na waje?"

"Abba ne fa. Saura wata biyu bikinmu..."

"To sai me? Ya ɓata min suna, ko mai faci ya daina leƙo shagon nan. In sai na haɗiye ƙarya za ka aure ni, riƙe aurenka!"

Ya juya ya fita. Ta ci kuka, kukan haushi, wanda ba ya rage komai.

Ranar zaman kotu ita kaɗai ta tsaya, don kuɗin lauya ya fi ƙarfin kekenta. Lauyan Alhaji, mahaifin masoyin nata, kuwa sai zuba yake kamar an kunna rediyo.

Alƙali ya dube ta. "Kina da shaidar cewa labulen da ke rataye a otal naki ne?"

"Ranka ya daɗe, na san ɗinkina kamar yunwar cikina! Shiga suka hana ni."

"Sani ba shaida ba ne."

Sai ga masoyin nata ya shigo, labule a kafaɗa, manajan otal na bin sa.

"Daga ɗaki na bakwai muka ciro shi, ranka ya daɗe," in ji masoyin nata.

Alhaji ya miƙe zumbur. "Kai! Ni za ka tona wa asiri?"

Ba ta jira almakashi ba, haƙori ta sa ta farke gindin labulen. Noti huɗu na ƙarfe suka zubo kan tebur, baƙaƙe ƙirin.

"Babana bakanike ne, Allah ya jiƙansa. Notikan da ya bari nake ɗinkewa a ciki don labule ya tsaya sak. A je a farke sauran!"

Alƙali ya ba ta gaskiya.

A bakin kotu Alhaji ya nuna ɗansa da yatsa. "Kar ka ƙara tako min gida!" Ya shige mota.

Ta harari masoyin nata, idonta jawur. "Sai da ka bari na yi sati uku ina kuka!"

"Yanzu ba ni da gida, Telata..."

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta ajiye masa noti ɗaya a tafin hannu.

"Ka nemo mana ɗaki, ni zan ɗinka labulen. Amma wallahi sai ka sa hannu a takarda!"