Bugun Zuciyar Kaka a Shagon Tela

Ranar Talata da ƙarfe biyar na yamma Yaya ya faɗo falo, ko sallama bai ƙarasa ba, ya miƙa wa Auta wayarsa.

"Duba nan! Ina alkawarin da kika yi min?"

Dawowar Auta ke nan daga kantin maganin da take aiki. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da Kaka, Yaya ya saya mata agogon hannu mai auna bugun zuciya, yana kuma nuna masa inda take a waya. Ga ɗigo shuɗi nan a kan shagon Tela, saurayin da Yaya ya ce ba zai ba shi ƙanwarsa ba, wai mai digiri ba ta auren mai keken ɗinki. Tun rasuwar mahaifinsu maganar Yaya ce magana, shi ya sa Auta ta yi alkawarin ba za ta taka shagon ba sai ya amince.

"Na jiya ne wannan, ga na shekaranjiya," in ji shi. "Na san Kaka ta tsani agogon nan, ke take ɗaura wa don kada ya yi ƙara. Kalli yadda zuciyar ke gudu! Wannan bugun tsohuwa ne? Bugun mai ganin saurayi ne!"

"Wallahi Yaya, rabona da layin nan tun..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"To maganar auren nan an fasa, kwata-kwata!"

Sai wayar ta yi ƙit. Ɗigon ya sake tsayawa a shagon, lambar bugun zuciyar tana hawa. Auta ta share hawaye, ta ɗaga masa hannayenta biyu — babu komai a kansu.

"Ina Kaka?" Muryarsa ta sauya.

"Ta fita tattakin da likita ya ce."

A guje suka fita. Tun daga bakin titi Auta ta jiyo ƙarar keken ɗinki. Suna leƙawa, ga Kaka zaune da tabarau a hanci, ƙafafunta na taka keken, agogon na ƙyalli a hannunta. Tela na tsugune gefe da gorar ruwa, yana cewa, "Kaka, a ɗan huta haka."

"Au, ɗan sandan hannun ya kai ƙarata?" in ji ta. "Da keken ɗinki na ciyar da ubanku, Malam mai digiri. Kun ɗauke min nawa, kun ce in zauna kamar tulu. Na zo ganin yaron da ka raina, ya ba ni kujera."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Amma zuciyarki..."

"Shi ya fara kiran likita kafin ya bar ni in taka. Kai kana kallon ɗigo, shi yana kallon fuskata. Yarinyar nan ta riƙe alkawari, kai ka riƙe zargi. Ba ta haƙuri."

"Auta, ki yafe min."

Auta ta gyaɗa kai, ba ta yarda ta kalli Tela ba. Kaka ta ɗaga rigar da take ɗinkawa, ta gwada a kafaɗar Auta. "Tsaya daidai, amarya."

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Yaya ya mayar wa Kaka kekenta, aka ajiye shi a shagon kusa da na Tela.